Kabon Ɗin Da Ban Ƙone Ba

Kwanakin baya na raka ɗiyata wurin aikinta, na iske wasu ƙarti biyu a tsakar gida suna dukan tsofaffin kwamfutoci. Ba dukan hauka ba ne. Sai su kwance kowace, su zaro wani ɗan ƙarfe kamar tafin hannu, su huda shi wuri uku, su bi shi da guduma, sannan su jefa gangar jikin a motar 'yan gwangwan. Ɗiyata ta ce wai a cikin ɗan ƙarfen nan duk abin da aka taɓa rubutawa yake kwance, ko an goge yana nan. Tana ta mitar ɓarna, wai da an bar su da lafiyarsu an ba makarantu. Na ce ta yi shiru ta bar mutane su yi aikinsu. Ta dube ni da mamaki, don ta san ubanta, mutumin da ke wanke tsohuwar leda ya shanya. Ban yi mata bayani ba. Bayanin ne zan yi a nan.

Ina saurayi na yi aikin buga tafireta a wani ɗan ofis a Kankia, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Aikinmu shi ne tattara takardun ɗakunan shan magani na ƙauyuka, tun daga Rimaye har su Kusada da Yashe, mu buga su tsaf, mu tura sama, mu ajiye kwafi. Tafiretata baƙa ce, tun ta zamanin Turawa, in za a ɗaga ta sai an yi nishi. Ƙararrawarta kuwa har bakin titi ana ji. Ina ji da ita, ina kuma ji da kaina fiye da ita. Biro uku nake jerawa a aljihun gaba, ko da yake ɗaya ne ke rubutu. In na bi ta kasuwa ana cewa ga malam akawu nan, sai in ƙara rage sauri don waɗanda ba su gani ba su gani.

Yaran yanzu ba su san kabon ba. Wata siririyar takarda ce mai baƙin shuni a gefe ɗaya. Kana sa ta tsakanin farare biyu, abin da ka buga a ta sama sai ya fito a ta ƙasa. Kabon ɗaya mukan yi ta bugunsa har ya yi fari ya huje, sannan mu ce ya mutu. Amma akwai takarda ɗaya da babban akawunmu bai yarda a buga da tsohon kabon ba, ita ce jerin sunayen masu karɓar maganin kuturta, wadda ake yi duk wata uku. Suna, sunan uba ko na miji, gari, sana'a. Wannan takarda sirri ce, yana son kwafin ya fito raɗau, don haka kowane shafi da sabon kabon. Doka kuma ta ce da an gama a yayyaga kabon ɗin a ƙone.

Ni kuwa na ga wannan doka ta mahaukata ce. Sabon kabon dal, bugu ɗaya, a ce a ƙone? A gidanmu ko tsinken ashana da ya mutu ba a yarwa sai an sakace haƙori da shi. Sai na samu wani tsohon ambulan, duk wanda na buga sau ɗaya in lallaɓa in zura shi ciki, in soke ambulan ɗin a cikin murfin tafireta. Niyyata in riƙa amfani da su a wasu takardun, amma sito bai taɓa hana mu kabon ba, sai suka yi ta taruwa. Ban ɗauki abin laifi ba. Tattali na ɗauke shi, har ina yaba wa kaina.

Sunayen kuwa ban taɓa kula da su ba. Wanda ya yi aikin nan ya sani, rubutu daga ido yake bi ya sauka a yatsu, ba ya biyawa ta kai. Ina iya buga sunan mutum sau ashirin, ka tambaye ni da yamma in ce ban taɓa jinsa ba.

Akwai wata Bafillatana mai fura da nono da ke zuwa ofishinmu kullum da hantsi. Doguwa ce, za ta yi shekara arba'in, rugarsu tana can kan hanyar Kusada. Ban taɓa ganin mai tsabtarta ba. Ƙorenta farare tas, kowace da faifanta, ludayinta ma a cikin wata ƙwarya yake da ruwansa. Rabin garin a hannunta yake sha. Mata daga gidaje suna aikowa, in ana suna ko biki ita ake faɗa wa tun da kwana uku ta tara man shanu. Duk da haka ba ta shiga kasuwa sai ta fara sauke kaya a bakin ƙofarmu. Inna muke ce mata. Shekara huɗu ina sha a hannunta ban taɓa tambayar sunanta ba, wa ke tambayar sunan mai nono?

Abin da ya sa abokan aikina suka sa ni gaba shi ne gyara. Kowa ya sani in ka sayi abu mai sayarwa zai ɗan ƙara maka a kai, wanda bai ƙara ba kuwa sunansa marowaci har jikokinsa. Ita Inna in ta dama wa babban akawu sai ta ƙara masa rabin ludayi. Ni kuwa ludayi biyu cur, wani lokaci har da ɗan curin mai a gefe. Suka ce Bafillatana ta ƙyasa, in shirya karɓar sadaki da saniya. Ina cewa su bari, amma a raina na yarda akwai wani abu a tare da ni da idon mai hankali ke gani. Biro ukun nan dai na zarga.

Sai shekarun arzikin man fetur suka zo, gwamnati ta rasa inda za ta sa kuɗi. Wata safiya babbar mota ta tsaya a ƙofarmu, aka sauke mana tafireta huɗu masu aiki da lantarki, da kabad-kabad na ƙarfe, da fanka mai tsayin mutum. Wutarmu kuwa ta wani janareta ce da ke tashi ran da ya ga dama. Tare da kayan aka kawo takarda mai umurni biyu. Na farko, duk tsofaffin fayilolin da ke cikin kabad ɗin katako, waɗanda gara ta fara ci, a ƙone su ƙurmus, kada ko shafi ɗaya ya faɗa hannun masu ƙosai. Na biyu, tsofaffin tafiretoci a yi gwanjonsu. Umurnin ya shafi har ɗakunan shan magani na ƙauye. Babban akawu ya ɗora mini duka biyun, don a cewarsa ni ne ba na wasa da aiki.

Na kuwa ƙone su da kyau, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Na sa aka haƙa rami a bayan ofis. Fayil ba ya cin wuta in ka jefa shi a dunƙule, gefen ne zai babbake ya bar tsakiya lafiya lau, don haka shafi-shafi na riƙa warewa ina yayyafa kananzir. Kwana biyu ina tsaye a rana da sanda a hannu ina juyawa, idona ya yi ja, rigata har ta mutu tana warin hayaƙi. A cikinsu akwai wani siririn fayil na takardun sallama, wato na waɗanda suka gama shan magani aka tabbatar sun warke. Na tuna shi ne don bai ba ni wahala ba, lashe ɗaya wuta ta yi masa. Da na gama na kwarara ruwa a kan tokar na dama ta. Babban akawu ya zo ya tona da bakin takalminsa, bai samu ko harafi ɗaya ba. Ya ce da ma'aikata duka irina ne da ƙasar nan ta ci gaba. Na sa hannu a takarda cewa ba abin da ya rage.

Ranar gwanjo babban akawu ya tafi Katsina, ni ne mai faɗa a ji. Wani maƙeri daga Rimaye ya kwashi tafireta biyun da suka mutu, ya ɗaure su a jaki. Daga baya na ga ƙararrawar ɗaya a jikin keken wani mai kifi, haruffan kuma sun zama maɓallan rigar wani maroƙi. Tawa kuwa, baƙar nan, mai rubuta wasiƙa ne ya saye ta. Wani ɗan siriri ne mai teburi a ƙarƙashin bishiyar bedi a bakin kasuwa, yana rubuta wa waɗanda ba su yi boko ba wasiƙa zuwa ga 'yan uwansu da ke Kurmi, can kudu. Bakinsa ba ya riƙe komai. Mutum zai zauna ya zayyana masa cikinsa, yana ba da baya zai maimaita wa 'yan zaman benci, har da kwaikwayon murya. Duk garin an san haka, ni ma na sani.

Ya rungumi tafiretar ya yi nishi, sannan ya dube ni a gaban mutane.

"Malam akawu, haka za ka sallame ni? Ko mai gishiri tana gyara, balle gwamnati mai rijiyar mai."

Aka yi dariya. Ni kuwa a ce na yi rowa a gaban jama'a, da biro uku a aljihu? Na ce ya sauke. Na buɗe murfin, na zaro ambulan ɗin nan da ya yi ƙiba, na ɗaga shi sama don kowa ya gani.

"Ga kabon nan, sau ɗai-ɗai aka buga su. Sai su kai ka shekara ba ka sayi ko ɗaya ba."

Ya amsa da hannu biyu yana sa mini albarka. Mutane suka ce yaron nan ɗan mutunci ne, ya san girma. Na koma ciki kaina ya yi wani irin girma, har na ji tausayin waɗanda ba su iya kyauta ba.

Ba a yi kwana goma ba, ranar kasuwa, na fito daga sallar azahar ina neman takalmina, sai wani tela ya dafa ni.

"Kai da kake shan hurar Bahillatanar nan kullum, ka ji abin da ake hwaɗi kau? Ashe kuturwa ce. Takardar asibiti ta nuna."

Abin da ya faru ba shi da wuyar fahimta. Mai wasiƙa ya zaro kabon ɗaya zai yi aiki, ya ɗaga shi sama don ya ga gefen shunin, rana ta ratsa. Kabon da aka buga sau ɗaya kuwa, in ka ɗaga shi ga haske, kowane harafi yana nan zaune kamar yanzu aka buga. Na fi kowa sanin haka, sai dai ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba. Shi kuwa ya samu abin da ya fi wasiƙun Kurmi daɗi. Ya tara 'yan benci ya riƙa karanto musu da muryar mai labarai a rediyo. Yawancin sunayen na mutanen nesa ne, wasu kuma an riga an san su don cutar ta bayyana a jikinsu. Sai ya zo kan wani suna, da sunan mijinta, ruga kan hanyar Kusada, sana'a sayar da nono. Wani dillalin shanu da ke zaune ya ce ya san mijin. Kafin la'asar ba gidan da labarin bai shiga ba.

Zan faɗi abin da na fara ji, ko da yake ba shi da kyan faɗi. Ba tausayinta ba ne. Ƙyama ce. Na zaga bayan masallaci na sa yatsa a maƙogwaro ina ƙoƙarin amayar da furar shekara huɗu. Na koma gida na tuɓe riga, na ɗauki madubi ina leƙen bayana ko zan ga tabo. Ni ɗin nan da na buga da yatsuna, ba sau ɗaya ba, cewa wanda ke shan maganin ba ya sa wa kowa. Abu na biyu da ya zo mini shi ne aikina, da sa hannun da na yi cewa ba abin da ya rage. Ita Inna ita ce ta uku, kuma ta daɗe a hanya kafin ta iso.

Washegari ba aiki, ofis a rufe, sai ta wuce kasuwa kai tsaye, don ba ta san an yi ba. Na je na tsaya daga nesa a rumfar masu goro. 'Yan uwanta masu nono sun janye ƙorensu sun bar ta ita kaɗai a tsakiyar fili. Ba wanda ya zage ta da farko, wucewa kawai ake yi ana kauce mata. Can wata mata da ta saba aiko mata ta zo ta tsaya a kanta tana ihu, wai ta shayar da 'ya'yanta cuta. Ta fizge mata mayafi tana neman tabon. Ba a ga komai ba, fatarta sumul. Sai wani ya ce ai irin ta ciki ce, ta fi muni. Wata tsohuwa da ta ba ta aron faifai ta zo karɓa, Inna ta miƙa mata, tsohuwar ta ja da baya ta ce, "Aje ƙasa." Ta ajiye. Tsohuwar ta sa gefen zanenta ta ɗauka. Ina kallo, ina tauna goron da ban san lokacin da na saya ba.

Da yamma na je wurin mai wasiƙa na ce ya ba ni ambulan ɗina. Ya kwashe da dariya har da buga teburi.

"Yau na ji sabon abu. Gyara ake maidawa? Ni ban sata ba, kai ka ba ni, gaban jama'a. In ka matsa mani sai in tahi in tambayi babban akawu ko shi ya ce a ba ni."

Na sassauta murya, na kira shi yaya, mutumin da ko gaisuwarsa ban cika amsawa ba. Da ya gaji da wasa da ni sai ya jefo mini ambulan ɗin ya ce in tafi da shi, ai ya riga ya haddace.

A gida, kafin in sa musu wuta, na riƙa ɗaga su ga sauran hasken rana ɗaya bayan ɗaya. Ga sunanta nan, jeri bayan jeri, da irin bugun hannuna. Sai kuma na zo inda babu shi, daga nan har ƙarshe babu. Sunan mutum ba ya fita daga jerin nan sai da ɗayan biyu, ko ya mutu ko ya warke. A nan na tuna siririn fayil ɗin da wuta ta lashe. Ni na buga mata takardar sallama, shekara biyu kafin wannan rana. Takardun sallama kuwa ba a ɗauke su sirri ba, da mataccen kabon ake buga su, wanda ko ka ɗaga shi ga rana ba abin da za ka gani sai huji. Wato shaidar cutarta na adana ta shekara da shekaru a cikin ambulan, shaidar warkewarta kuwa na ƙone ta na dama tokar da ruwa har aka yaba mini. Na ƙone kabon ɗin a murhu. Sunanta bai ƙone ba, yana kaina har yau, kuma ba zan rubuta shi ba.

Labarin ya kai kunnen babban akawu, amma a gutsure, an ce masa dai takardar asibiti ce ta fita. Ya tara mu yana huci. Can ya ce shi ya san ba daga nan ba ne, shi da kansa ya tona tokar. Ya ce sai dai tsohon malamin asibitin ƙauyen da Inna take karɓar magani, can gaba da Dudunni, wanda ya rasu bara, wataƙila iyalansa ne suka sayar da takardunsa. Na ce ƙwarai, ranka ya daɗe, da ma mutumin yana da sakaci. Ban taɓa ganin mutumin ba ko sau ɗaya. Rubutun hannunsa kawai na sani, kuma ya fi na kowa tsabta.

Bayan mako guda Inna ta zo. Da hantsi, kamar kullum, da kayanta a kai. Ta sauke a bakin ƙofa ta yi sallama. Ba wanda ya fita. Ranar janareta ya tashi, amma sai na ji duk tafiretocin sun yi shiru. Ta ce malam akawu take nema. Na fita na tsaya a kan dakali, na bar taki uku tsakaninmu. Ta rame, amma ƙorenta suna nan farare tas.

"Malam, takarda na zo ka ba ni. Wadda ta ce na warke. Malamin asibiti ya nuna mani ita, na ce ba ni kai ta ruga a tambaye ni ta mece ce. Ya ce akwai irinta wurinku."

"An ƙone su, Inna. Umurni ne daga sama."

"To buga wata. Ga sabbin kekunan rubutu nan an kawo maku."

Na ce ba a yin haka, sai da sa hannun babban akawu. Gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba shi ne, da na shiga na ce masa na tuna na buga takardar, da ya sa hannu, don ba mugu ba ne. Amma da ya fara tambaya, tambaya kuma ba ta tsayawa inda ka so. Mutum ashirin sun ga na ɗaga ambulan ɗin nan sama. Abin da ya rufa mini asiri kawai shi ne ba wanda ya zauna ya haɗa wannan da wancan, ni kuwa ba na son in ba kowa dalilin zama.

Sai ta ce, "To bar takardar. Ran kasuwa ka zo ka hwaɗa masu da baki. Kai akawu ne, in ka ce na warke za su yarda. Mijina ya ce in ba a saye, in zauna ruga. Can ma an ware mani ƙwarya tawa ni ɗai. Ɗiyata ba ta bari in taɓa ɗanta."

Na gyaɗa kai kamar mai nazari. Sannan na buɗe baki na ce, "Aikin gwamnati sirri ne, Inna. An rantsar da mu, ba mu hwaɗin abin da ke cikin takarda." Haka na faɗa mata, ido cikin ido, muryata ko rawa ba ta yi ba. Da za a ba ni dama in goge magana ɗaya a rayuwata, wannan zan zaɓa, amma ba a bayarwa.

Ba ta yi gardama ba. Ta durƙusa ta buɗe faifai.

"To sha. Nan, inda za su gani. Ba sai ka ce komi ba."

Ta wanke ludayi, ta fasa fura, ta zuba nono ta dama a hankali yadda ta san ina so, ba kauri ba ruwa. Ina jin idanun abokan aikina a bayana ta taga. Masu wucewa a titi ma sun fara rage tafiya. Da ta gama ta ƙara ludayi ɗaya, ta ƙara na biyu, ta miƙo mini da hannu biyu.

Na karɓa da bakin yatsu. Na san ta warke, ba wanda ya fi ni sani a duk garin. Kurɓa ɗaya a kan dakalin nan da ta yi aikin da takarda ba za ta yi ba. Na kai ƙwaryar kusa da baki, warin nonon ya doki hancina, na kasa kurɓa. Rabi ƙyama, rabi tsoron a ce me ya sa akawu ya yarda da ita haka, me ya sani. Na ce, "Bari in shiga ciki in sha, aiki ya yi mani yawa."

Na ratsa ofis ba wanda ya ɗago kai, na fita ta ƙofar baya, na je bakin ramin nan na tuntsurar da ƙwaryar. Furar ta kwanta fara a kan baƙar toka. Na tsaya ina jiran minti biyu su wuce don in koma in ce ta yi daɗi. Da na juya sai na gan ta tsaye a inda katanga ta zube. Zagayowa ta yi. Ban san tun yaushe take wurin ba, amma ta ga abin da za ta gani.

Ba ta ɗaga murya ba.

"Malamin asibiti ya ce mani, sunanki ba ya zuwa ko'ina, daga ni sai akawun da ke bugawa Kankia. Na yi ta tambaya har aka nuna mani kai. Na ce bari in kai mashi hura in gani. Ka amsa, ka sha, ka ce a ƙaro. Na ce wanga ya san abin da ke jikina, ya sha daga hannuna, bai hwaɗa ma kowa ba. Ran nan da kuka na isa ruga." Ta dubi ramin. "Ludayi biyun nan, na wannan ne."

Da na yi shiru da ya fi. Amma ina neman abin da zai wanke ni, sai na cafko gaskiya, ita ce mafi kusa.

"Wallahi Inna, ban san ke ce ba. Ban taɓa sani ba."

Na faɗa ne don ta ji ba da gangan na cuce ta ba. Sai da maganar ta fita na ga abin da na ƙwace mata. 

"Ashe," ta ce.

Ban sake ganinta a Kankia ba daga ranar, kuma ban taɓa samun ƙarfin tambayar inda ta ƙare ba. Na yi shekara talatin ina aiki, na yi ritaya da takardar yabo. Amma a ranar nan, a bakin ramin, kafin ta tafi akwai ƙwaryarta a hannuna. Na matsa na miƙa mata da hannu biyu, yadda ta saba miƙo mini. Ta ja da baya taki ɗaya.

"Aje ƙasa, malam."

Na ajiye a bakin ramin. Ta sa gefen zanenta ta ɗauka.